Murfin Ramin Sahafa

An yi wani mutum a Umbadda, can yammacin Umdurman a ƙasar Sudan, daga cikin mutanenmu da kakanninsu suka baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, Allah ya zaunar da su a bakin Nilu. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma yana da dangi, ƙila ma wasunsu suna cikin sahun nan. Za mu kira shi yadda matan unguwa suke kiransa, Baban Muhannad, domin ɗa ɗaya tak Allah ya ba shi da matarsa Amna, sunan ɗan ke nan.

Sana'arsa yasar ramin masai. Yana da tanka, motar nan mai inji da dogon tiyo wadda ake kira idan sabtik ya cika, wato ramin siminti da ƙazantar bayan gida take taruwa a ciki. Gidaje suna kiransa, otal-otal suna kiransa, makarantu ma haka. Kada wani ya yamutsa fuska. Sana'a ce ta halal. Wanda yake kwashe ƙazantar jama'a don su zauna cikin tsarki su yi salla ba abin rainawa ba ne, kuma da masu wannan aiki za su ajiye tiyo, da Hartum ba ta zaunu ba. Laifin mutumin nan ba a sana'arsa yake ba.

Kuma ba a san shi da mugun hali ba. Ba ya shan abin maye, ba ya bin mata, ba a rasa shi a sallar asuba. Ku riƙe wannan da kyau, don kada wani ya ji labarin ya ce ai ni ba irinsa ba ne.

Yana da ma'aikaci, sunansa Ado, maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai ta raba su. Iyayen Ado 'yan ƙwadagon auduga ne a Jazira, shi kuma ya shigo birni yana saurayi, ya yi furfura a bakin rami. Shi ke ɗaga murfi, shi ke jan tiyo, shi ke sauka ciki idan aiki ya ƙi. Matarsa Barakatu tana sayar da soyayyar gyaɗa a bakin titi. Babban ɗansu Muntasir yana tuƙa raksha, keken haya mai ƙafa uku, kuma shi da Muhannad tare suka yi rarrafe, tare suka girma, in ka ga ɗaya to ɗayan yana kusa.

Wata rana da bazara, 'yan shekaru kafin yaƙin nan da ya watsa mu, wani wakilin gida ya kira Baban Muhannad zuwa Sahafa, kudancin Hartum. Mai gidan yana Saudiyya, 'yan haya sun tashi, ana son a gyara kafin a zuba wasu. Wakilin ya miƙa masa mabuɗi ya kama gabansa. Gida ba kowa sai su biyu.

Suka ɗaga murfi, suka zura tiyo, inji ya zuƙe ruwan sama. Amma ramin ya daɗe ba a taɓa shi ba, ƙasansa ya daskare, tiyo ya ƙi ja. Dole sai wani ya sauka ya dama.

Ado ya leƙa, ya ja da baya yana toshe hanci, shi da wari bai taɓa damunsa ba. Ya ce wa ubangidansa, "Mu'allim, ramin nan bai sha iska ba. Mu bar shi a buɗe, mu je mu yi na otal, mu dawo da la'asar."

Masu sana'ar sun san abin da yake nufi. Irin wannan rami yana tara wata iska a ƙasa wadda ido ba ya gani, in ta shiga ƙirjin mutum sai ta kwantar da shi. Shi ya sa ake barinsa a buɗe ya huce, shi ya sa ake ɗaura wa mai sauka igiya a ƙugu. Baban Muhannad ya san wannan sarai. Amma wani otal kusa da Suk al-Arabi yana jiransa, kuma lokacin ana wahalar man dizal, mutum sai ya wuni a layi bai samu ba. Bai ga dalilin dawowa Sahafa a kan rami ɗaya ba. Igiya kuwa an ja wata mota da ita, an manta da ita a gida.

Ya ce wa Ado, "Ya zol, yau ka fara shiga rami? Sauka ka dama shi mu wuce."

Ado ya dube shi. Mai neman abin da iyali za su ci ba ya doguwar gardama da ubangidansa. Ya tuɓe jallabiyarsa ya ninke, ya ajiye a gaban mota tare da wayarsa da takalmansa, ya ɗauki shebur, ya yi bisimilla, ya bi tsani.

Da farko ana jin ƙarar shebur. Can sai aka daina ji.

Baban Muhannad ya kira sunansa. Ya sake kira. Ya durƙusa ya leƙa, sai ya hango shi a zube, bayansa jingine da bango, laka ta kawo masa ƙirji, wuya ya langaɓe. Ya ɗora ƙafa a kan tsani zai sauka, iskar ta buge shi, duniya ta juya masa, da ƙyar ya rarrafo waje yana amai.

Ya 'yan uwa, har zuwa nan akwai ganganci, akwai gaggawar neman duniya, amma ƙofa ba ta rufe ba. Ado yana da rai. Ana jin kakarinsa daga ƙasa. A bayan katangar gidan akwai mai shayi a gindin dalbejiya, maza suna zaune suna jiran rana ta yi sanyi. Gaba kaɗan akwai garejin kanikawa, ba za a rasa igiya ba. Ko za a fito da shi da rai, ko ba za a fito da shi da rai ba, Allah ne masani. Amma abin da ke kan Baban Muhannad bai wuce ya buɗe ƙofa ya yi ihu ba.

Ya ruga zuwa ƙofar gida. Ya kama sakata. Sai ya tsaya.

Takardun motar sun ƙare, bai sabunta ba. 'Yan sanda za su zo. Za a tambayi igiya. Za a kama tanka, za a yi maganar diyya, ƙila har da kurkuku. Muhannad yana jami'a, wa zai riƙe shi? Me mutanen masallaci za su ce? Shaiɗan ya matso ya raɗa masa cewa ai mutumin nan ya riga ya tafi, me zai ƙara maka ka hallaka kanka a kan gawa? Alhali kunnensa yana jin kakarin.

Ya tsaya nan riƙe da sakata, gumi yana tsiyaya, har kakarin ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, ya ɗauke.

Daga nan ya koma, ya zaro tsani, ya naɗe tiyo. Murfin siminti da mutum biyu suke ɗagawa, shi kaɗai ya ja shi ya mayar. Ya kulle gida ya fita. Masu shan shayi suka ɗaga masa hannu, ya ɗaga musu.

Yana kan gadar da ake haurawa Umdurman wayar Ado ta yi ƙara a gefensa. Ya duba, Barakatu ce. Ya bar ta tana ƙara har ta gaji, sannan ya kashe. A bayan gari, inda masu tanka suke juye kayansu, ya jefa jallabiya da takalma da waya, ya buɗe bututu a kansu.

Bayan magariba Barakatu ta yi sallama a ƙofar gidansa tana tambayar mijinta. A shekarun nan zancen kowa zinariyar arewa ne, matasa da magidanta suna ta tafiya sahara haƙar ramuka, kuma Ado ma ya taɓa faɗa cikin raha cewa wata rana zai bi sahu. Sai Baban Muhannad ya kama wannan. Ya ce mata Ado ya sauka a Suk al-Arabi tun da rana, ya karɓi haƙƙinsa, ya ce ya sami motar da za ta arewa, kuma ya ƙi yin sallama ne don kada a hana shi.

Barakatu ta ce, "Baban Muhannad, mutumin da ko masallaci zai je sai ya ce mini ya fita?"

Ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ya rantse mata da Allah.

Kashegari ya sami wakilin gida ya ce masa bangon ramin ya tsage, ba ya gyaruwa, gara a cike shi a haƙa sabo a wani gefen. Ya karɓi aikin da kansa, da araha. Ya kawo ɓaraguzan gini da yashi ya yi ta zubawa har ramin ya cika, magina suka zo suka daɓe wurin da siminti. Musulmi mai salla ya tafi ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya tsaya a kansa ya yi kabbara.

Hausawa suna cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi 'ya'ya, ya 'yan uwa, kuma ba mai ita ne ya fara ɗanɗana ɗacinsu ba.

Barakatu ta shiga nema. Ta kai rahoto wurin 'yan sanda, ta duba asibitoci, har ɗakunan ajiye gawa ta shiga. Duk ranar da manyan motoci suke dawowa daga arewa, sai ta ajiye farantin gyaɗa ta tafi Suk Libiya da hoton mijinta, tana nuna wa mutanen da suka sauko fari fat da ƙura. Wannan ya girgiza kai, wancan ya ce kamar ya gani, kamar kuma bai gani ba. Ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Ƙananan 'ya'yanta suna tambaya yaushe Baba zai dawo. Da aka kwana biyu sai baki ya fara motsi a unguwa: ai ya samu, ya yi sabon aure can, ya manta da su. Wata rana aka yi zancen a majalisa, aka juyo ga Baban Muhannad don shi ya fi kowa sanin Ado, sai ya kaɗa kai ya ce namiji ai ba a shaidarsa. Bayan ya bar shi ya mutu, ya kuma ci namansa.

Amma kada ku ɗauka yana cikin daɗi. Barcinsa ya ƙaurace. In ya tsaya a sahu liman yana karatu, kakarin yake ji. Ya daina karɓar aiki a Sahafa, in hanya ta bi da shi ta can sai ya yi zagaye. Ya sayi sabuwar igiya, ba ya barin kowa ya sauka rami sai ya sha iska, har abokan sana'a suna cewa ba wanda ya kai shi tausayin ma'aikata.

Sai kuma ya shiga yi wa gidan Ado hidima. Sukari, man girki, waken adas, garin alkama, kayan azumi, tufafin salla, kuɗin makarantar yara. Unguwa ta ɗauka da yabo. Limamin masallacinsu ma ya taɓa kawo shi misali a kan haƙƙin maƙwabtaka. Duk lokacin da ya ajiye buhu a ƙofar gidan, Barakatu sai ta ɗaga hannu sama ta ce Allah ya saka masa da irin abin da ya yi musu. Ita da zuciya ɗaya take faɗa. Shi kuwa sai ya juya da sauri ba ya iya cewa amin.

Shin sukari yana biyan jini? Shin buhun gari yana zama likkafani? Ya san amsa. Ba sau ɗaya ba ya tashi da niyyar faɗin gaskiya. Ya taɓa zuwa har ƙofar liman, ya yi sallama, aka ba shi tabarma, da liman ya ce lafiya, sai ya ɓige da tambaya a kan sujadar rafkanuwa. Kullum cewa yake gobe. Kuma kowace gobe ta zo sai ya ga maganar ta fi ta jiya nauyi, domin yanzu ba mutuwar Ado kaɗai zai faɗa ba, har da rantsuwa, har da yashi, har da yabon da ya ci.

Ana nan, shekara ta zagayo ta kuma zagayowa, sai wani ɗan unguwa ya dawo daga arewa ya ce ya ga wani dattijo Bahaushe yana sayar da ruwa a kasuwar masu haƙar zinariya, gaba da Abu Hamad, tsayinsa da furfurarsa sak na Ado. Bai yi masa magana ba, mota ce ta wuce da shi. Wannan ɗan zance ya isa ya tayar da gidan Barakatu. Muntasir ya mayar wa mai raksha da rakshansa, ya ce zai je ya nemo mahaifinsa, in yana raye ya dawo da shi, in ya mutu ya ga kabarinsa.

Muhannad ya gama karatu lokacin, yana jiran aiki. Ya sami mahaifinsa a tsakar gida a kan angarib, gadon nan na igiya, ya ce shi ma zai raka abokinsa.

Baban Muhannad ya ƙi. Ya ce hanya ba kyau. Ya ce yana bukatarsa a wurin tanka. Ya ce sahara ba wurin ɗan makaranta ba ne. Da ya ga duk bai yi ba sai ya koma faɗa, abin da bai saba yi wa yaron ba.

Muhannad ya bari ya gama, sannan ya ce wa mahaifinsa, "Yaba, Ammi Ado, baffan nan nawa, a wuyansa yake ɗora ni ya kai ni kallon ƙwallo. Kai ka koya mini haƙƙin maƙwabci, duk unguwa da kai ake misali. Da kai ne ka ɓata, Muntasir zai bar ni in tafi ni kaɗai? Ka ba ni dalili guda, wallahi sai in zauna."

Dalilin yana bakinsa, ya 'yan uwa. Magana ce gajera. Ya buɗe baki, ya dubi fuskar ɗansa, ya ga yadda yaron yake ganin girmansa, sai ya kasa. Ya gwammace ɗansa ya shiga sahara yana ɗaukarsa mutumin kirki, da ya zauna gida ya san ko shi wane ne. Amna ma, tana share hawaye, ta sa baki ta ce a bar shi ya je, aikin lada ne, Allah ba zai tozarta mai taimakon maƙwabci ba.

Da safe aka raka su Suk Libiya. Babbar mota ta cika da jarkokin ruwa da buhuna da samari a sama. Barakatu tana ta nanata wa ɗanta cewa in ya same shi kada ya yi masa faɗa, ya ce masa kawai an yafe, ya dawo. Baban Muhannad ya riƙe wuyan hannun ɗansa ya ƙi saki, har direba ya danna ham.

Muhannad ya ce, "Akwai magana ne, Yaba?"

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya saki hannun.

Da farko suna kira duk sanda suka hau tudun da waya ke kamawa. Sun je kasuwar, sun sami mai sayar da ruwan, ba Ado ba ne. Amma wani ya ce su gwada gaba, na gaba ya ce su gwada wani sansanin. Haka suka yi ta bi, suna neman mutumin da ke kwance ƙarƙashin siminti a Sahafa. Duk kira sai Baban Muhannad ya ce su dawo haka nan, Muhannad ya ce saura wuri ɗaya. Guzuri ya ƙare. Ba su so su ɗora wa gida nauyi, sai suka shiga aikin rami tare da masu haƙa, don su sami abin ci gaba da nema.

Ramukan can ba siminti, ba katako, ƙasa ce kawai da ikon Allah. Wata rana Muhannad yana ciki gefen ramin ya zabtare a kansa.

Muntasir yana sama. Ya ƙwalla ihu har sai da sansanin duka ya taru. Ya kama tono da hannu. Mutane suka ce ya haƙura, ƙasar ba ta gama zubowa ba, za ta haɗa da shi. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce su riƙe, ya sauka. Ya yi ta tono har faratansa suka fita, bai hau ba sai da ya fito da abokinsa. Rai ya riga ya yi halinsa. Ya sayi ruwan sha ya yi masa wanka, ya tara mutane aka yi masa salla, ya sa shi a ƙasa da hannunsa.

Labari ya riga shi isowa ta waya. Aka kafa rumfar makoki a titi kamar yadda aka saba, maza suna ta zuwa suna ɗaga hannu a yi fatiha. Baban Muhannad yana zaune kamar dutse, ko kuka ba ya yi. Ana cikin zaman sai ga Muntasir, ya rame ya yi baƙi, hannayensa naɗe da tsumma. Ya ratsa mutane ya zube a gaban mutumin, ya kama ƙafafunsa.

Ya ce, "Ammi, ka yafe mini. Ni na ja shi, a neman mahaifina ya rasa ransa. Amma wallahi ban bar shi a ramin ba. Ban bar shi ba, Ammi. Na fito da shi, na yi masa wanka, na yi masa salla."

Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa jin sauti irin wanda ya fito daga ƙirjin Baban Muhannad ba. Ya janye ƙafafunsa kamar an ɗora musu garwashi. Ya ce, "Ado yana Sahafa." Aka ɗauka zafin rashi ne ya taɓa masa hankali, aka kawo ruwa. Ya ture ruwan ya sake faɗa. Sannan ya kwashe komai ya zayyana, tun daga igiyar da aka manta har zuwa yashin da ya zuba, a gaban liman, a gaban maƙwabta, a gaban yaron da ke durƙushe da hannaye a naɗe. Maganar da ya kasa faɗa wa mutum ɗaya don ya tsare ɗansa, ga shi ya faɗa wa unguwa duka lokacin da ba ta tsare kowa.

Hukuma ta shigo. Aka je gidan Sahafa, aka tarar da sababbin 'yan haya, yaransu suna wasa a daidai wurin. Aka fasa siminti, aka kwashe yashi da ɓaraguzai, aka sami ƙasusuwa jingine da bango, shebur a gefe. Aka tattara cikin farin ƙyalle aka kawo Umbadda, aka yi masa salla. Barakatu ta tambayi malamai yadda za ta yi da takaba, suka ce kwanakinta sun wuce tun tuni ba ta sani ba. Ko zaman takabar mijinta ƙaryar nan ba ta bar mata ba.

Kafin hukuma ta tafi da Baban Muhannad ya roƙi a kai shi ƙofar gidanta, ya durƙusa a ƙasa yana neman gafara. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na Ado, shi za ka tambaya. Nawa kuwa, Baban Muhannad, na ciyar da 'ya'yana da abincinka ina sa maka albarka. Ban san yadda zan yi da wannan ba." Ta koma ciki.

Amna kuwa magana ɗaya ta yi masa. Ta ce, "Ni na ce a bar shi ya je, don ban sani ba. Kai ka sani." Ta haɗa kayanta ta koma wurin danginta a Madani, bai ƙara ganinta ba.

An sayar da tanka. Ya yi zaman kurkuku, ya fito jiki ya ƙare. Ya koma gidan da ba kowa, katanga ɗaya da gidan Ado, yana jin muryoyin yaran da ya mayar marayu. Kullum sai ya ja ƙafa zuwa maƙabarta ya zauna a gefen kabarin Ado yana cewa ka yafe mini, kabari kuwa ba ya amsawa. Ya aika a tambayi Muntasir inda aka binne Muhannad, ko zai samu ya je. Muntasir ya aiko cewa kaburburan can tarin duwatsu ne ba suna, masu haƙa suna ta juya ƙasar wurin, kuma shi ba zai ƙara bin hanyar nan ba. Yaƙi ya same shi a kan angarib yana jinya. Mutane suka watse, shi bai da inda za shi, bai kuma da mai ɗaukarsa. 'Yan tsirarun da suka rage a unguwa su suka binne shi.

Ya 'yan uwa, ba mu ce yana wuta ba. Wannan ba hurumin kowa ba ne, rahamar Allah ta fi zunubin kowa faɗi, kuma ya yi nadama irin wadda ba ma fata ko maƙiyinmu ya ɗanɗana. Amma mun san cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba tana wanke shi, abin da ke tsakanin bawa da bawa kuwa sai mai haƙƙi ya yafe. To wa zai je ya tambaya? Ado? Muhannad? Ya jinkirta har masu yafewa suka tafi inda ba a cim musu sai ranar tsayuwa.

Ku dubi inda abin ya faro. Ba da kisa ya faro ba. Da igiya ya faro, da ƙyashin ɗan man mota, da cewa sauka mu wuce. Kai mai mota, kai mai gini, kai mai shago, wanda yake ƙarƙashinka amana ne. Shirun da ya yi lokacin da ka tura shi cikin haɗari ba yarda ba ce, yunwar iyalinsa ce ta rufe masa baki, kuma za a tambaye ka.

Sannan ku dubi sakatar nan. Tsoron mutane ya riƙe hannunsa, tsoron Allah bai buɗe ba. Mu nawa ne a nan muke tsaye riƙe da irin wannan sakata? Mu nawa muka binne wani haƙƙi muka daɓe da siminti, muna kai buhun sukari muna cewa ai mun biya? Wace magana ce kake cewa gobe za ka faɗa? Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, amma kafin ya iso gare ka yana iya cizon wanda ka fi so a duniya. Gaskiyar da za ta ƙona ka yau ta fi sauƙi a kan wadda za ka faɗa a rumfar makoki.

Wanda yake da haƙƙin wani a wuyansa, kada ya jira juma'a mai zuwa. Ya tashi daga nan ya je, tun mai haƙƙin yana da kunnen ji da bakin yafewa.

Ya Allah, ka jiƙan Ado, ka jiƙan Muhannad, ka sanyaya zuciyar iyayen da aka bari da kuka. Wanda muka ba da labarinsa kuma, lamarinsa yana hannunka, kai ne mafi adalci, kai ne mafi jinƙai. Kada ka sa tsoron bayinka ya fi tsoronka girma a zukatanmu. Kada ka kama 'ya'yanmu da abin da hannayenmu suka aikata. Ka ba mu ikon buɗe baki tun buɗewar tana da amfani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.